Itace na Bakwai

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Mahfuz ya buɗe ƙofar gilashin ɗakin nunin gidaje na kamfanin Sanyin Inuwa da ke Maisandari, ya yi taku biyu ya tsaya cak. Itatuwa bakwai ya bari a kakkafe a tsakiyar ɗakin sa'ad da zai tafi salla. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa da yatsa, shida dai suka tashi. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa kwamfuta ko talabijin ɗin bango ba, sai itace guda, wanda ya fi sauran kyau, shi ya yi ɓatan dabo. Ga shi washegari da safe za a yi bikin buɗe wurin, mai kamfanin da kansa zai taso daga Abuja da baƙinsa, shi kuwa Mahfuz shi ne manaja, a wuyansa komai yake.

Kafin ka ce me, masu shagunan layin sun cika bakin ƙofa, kowa da tasa fassarar. Wanda zai tsallake kwamfuta ya ɗauki itace, in ji su, ba abin duniya yake nema ba, asiri za a haɗa wa kamfanin. Da aka zo kan wanda ya aikata kuwa, baki ya zo ɗaya. Nicodemus maigadi shi kaɗai ne ba ya zuwa masallaci, shi ake bar wa mabuɗi duk Juma'a, kuma da aka tambaye shi ya ce bai ɗauki komai ba, daga nan ya ja bakinsa ya tsuke. Mahfuz ya karɓe mabuɗan, ya sa aka zaunar da shi a sito, ya rantse idan magariba ta yi itacen bai fito ba zai damƙa shi hannun hukuma.

Wani mai facin taya ne ya ce, kafin a kai ga haka, a kira Ba'ana.

*

Ba'ana ya haura sittin, kuma fiye da rabin shekarun nan a sunkuye ya yi su, yana bin sawun shanun da aka sace a dazukan bayan Khaddamari. Da daji ya ƙi shiguwa ya dawo gari, inda yanzu ake kiransa neman akuya, ko janareto, ko tsohon da ya ruɗe ya bar gida. Ba ya ƙaunar kwalta, ba ya ƙaunar tayil, yana cewa ƙasa ce da aka toshe wa baki. Da ya sauka daga keke napep ya hango ɗakin gilashi, ransa bai so ba.

Da ya shiga sai ya saki baki. An rufe silin da zana, an yaɓe bango ɗaya da jar ƙasa, ƙorai sun zama gidan fitila, ga kaba a manyan tukwane. Duk abin da mutane suka baro a ƙauye an kwaso shi an kawo birni, an kunna masa na'urar sanyi. A gefe akwai tebur mai ɗauke da 'yan ƙananan gidaje na kwali, kowanne da lambarsa, su ne gidajen da kamfanin ke sayarwa. A tsakiya kuma an zuba farin yashi a wani fili mai faɗin tabarma huɗu, a ciki aka kakkafa itatuwan.

Wadda ta tsara duk wannan, Hajiya Rumaisa'u, ƙwararriya ce da aka ɗauko daga Kano, tana tsaye idanunta jajur. Ta yi masa bayani cewa so take mai sayen gida in ya shigo ya ji iskar daji ta taɓa shi, ya ji hankalinsa ya kwanta. Itacen da aka ɗauke shi ne zuciyar aikin, rana da ruwa sun wanke shi ya yi fari tas, ga wasu zanen ƙuna guda uku a kansa kamar da gangan aka yi masa ado. Ba'ana ya gyaɗa kai. A ransa ya ce wadda ta san daji ba za ta ce yana kwantar da hankali ba, amma yarinyar ta iya aikinta, wannan kam ba a ƙwace mata.

Mahfuz ya nuna masa yashin cikin takaici, ya ce ɓarawon ya fi su wayo, ya share sawunsa tsaf. Kyamara kuma tun safe a kashe take saboda ana haɗa wayoyin wuta.

"Da me ya share?" Ba'ana ya tambaya.

"Da tsintsiya mana, Baba."

"To ai ya bar mini sawun tsintsiya."

Ya cire takalmi ya tsuguna a bakin yashin. Hasken fitilun ya yi yawa, ya dauke inuwar komai, bai ga abin kirki ba sai cewa sharar ta wanda ya saba ce, a jere take, ba ta gaggawa ba. Ya matsa ga itatuwa shidan da suka rage. Duk aduwa ce, duk iyakarsu ƙugun mutum. Ya tone gindin ɗaya da yatsa ya ga ya yi baƙi kimanin taƙi biyu, gara ta ɗan lasa, alamar ya daɗe a binne a wata ƙasar kafin wannan. Ya ɗauka turakun shinge ne. Duk da haka wani abu ya tsaya masa a ƙirji, ya kasa gane ko mene ne.

*

Ya fara da Garzali mai haɗa wuta, don Hajiya ta tsegunta masa cewa jiya Alhamis sun yi cacar baki. Ita ta ce a zagaya itacen da waya ta ƙarƙashin yashi, shi ya ce sai dai a huda shi, har ya furta cewa in ta dame shi zai tuge itacen ya jefar. Ga shi kuma a bayan ginin Ba'ana ya ga alamar an ja wani abu mai nauyi a ƙasa, daga ƙofar baya zuwa inda Garzali ke ajiye kayan aikinsa.

Garzali ya yi ta rantsuwa har da dafa ƙirji, yana cewa shi bakinsa ne kawai ke da zafi. Ba'ana bai kula rantsuwar ba, ya bi jan da ke ƙasa a hankali. Layi biyu ne a jere, tazararsu ba ta canjawa, suka kai shi har gindin wani tsanin ƙarfe da ke jingine da katanga. Ya dubi tsanin, ya dubi Garzali, ya ce masa ya je ya ci gaba da aikinsa, ya kuma rage baki.

A tsallaken titi akwai Ketura mai sayar da gyaɗa da mangwaro, wadda ita ma ba ta tashi daga rumfarta lokacin salla. Ta ce idonta na kan ƙofar nan tun azahar, ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita. Ya tambaye ta ko mota ta tsaya, ta ce babu. Ko mai kura, babu. Ya sayi gyaɗa ya ɓare yana ci, can ya sake tambaya kamar mai wasa, wato ko kaza ba ta gitta ba?

"Wallahi ba kowa, Baba. Sai dai mai shara da ta fita da tabarmarta a ka."

Ba'ana ya daina tauna. Haka mutane suke, mace mai tsintsiya da kaya a ka ba ta cikin lissafin kowa. Ya tambayi sunanta aka ce Gumsu, Babarbariya ce, sati uku ke nan da ɗaukarta, takan yi sharar safe ta tafi, ta dawo ta yamma bayan la'asar. Sai dai abin bai zauna masa ba. Mace mai neman na tuwo, in sata za ta yi, me za ta yi da guntun aduwa, alhali ga itacen girki ana sayarwa a kowane lungu?

*

Ya sami Nicodemus a sito, zaune kan bokitin fenti, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Babban mutum ne mai faɗin kafaɗa, ɗan kudancin Borno, furfura ta fara cin gemunsa. Ba'ana ya gaishe shi ya zauna a ƙasa kusa da shi. Da ƙyar ya samu ya buɗe baki. Ya ce shekarun baya an taɓa tsare shi wata huɗu a kan kuskuren suna, ya fito da ciwon ƙirjin da har yau bai rabu da shi ba, kuma ya san in ya sake shiga irin wurin nan ba lalle ya fito da ƙafarsa ba. Yana faɗa, tsoro ne tsagwaronsa a fuskarsa.

"Baba, ban ɗauka ba."

"Na sani. Amma kai ka buɗe ƙofar."

Nicodemus ya sunkuyar da kai. Ba'ana ya ambaci sunan Gumsu a hankali, ya ga kafaɗun mutumin sun motsa. Ya lallashe shi, ya tuna masa magariba na matsowa, ya tuna masa iyalinsa. Abin da ya samu kawai shi ne roƙo, in an tafi da shi a aika wa matarsa a unguwar Fezzan, kada ta ji a bakin mutane.

Ba'ana ya fito ransa a jagule. Ya ga mutanen da suka rufa wa ɓarawo asiri don a raba da su, ya ga waɗanda suka yi don tsoro. Bai taɓa ganin wanda tsoro ya cika haka ba, kuma ya zaɓi abin da yake tsoron a kan ya faɗi suna guda.

*

Bayan ya yi la'asar ya koma ɗakin. Rana ta karkata, ta shigo ta gilashin yamma a kwance. Wannan shi ne lokacin mai bin sawu, don sai haske ya kwanta ƙasa ke magana. Ya sa Garzali ya kashe fitilun gaba ɗaya, ya zagaya ya tsaya yadda yashin zai kasance tsakaninsa da ranar.

Nan take komai ya fito. A bakin filin ga gurbin gwiwoyi biyu, sun nutse sosai, na wanda ya daɗe a durƙushe. Inda itacen ya tsaya kuwa ba a baje ramin ba. An tara yashi an yi ɗan tudu mai tsawon kamu ɗaya, an daddaɓe shi da tafin hannu, an yayyafa masa ruwa har yashin ya yi 'yan ƙuraje. Ya duba yadda tudun ya kwanta, kudu da arewa. Ya ɗaga kai ya dubi itatuwa shidan, masu tsayi ɗaya, masu baƙin gindi ɗaya, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya ja da baya ya fita daga yashin da sauri, yana salati a ƙasan maƙoshi.

Ya ce wa Mahfuz a tara masa kowa, a fito da maigadi, a kuma rufe ƙofa kada 'yan kallo su shigo.

*

Suka tsaya a bakin yashin, Mahfuz da Hajiya Rumaisa'u da Garzali da Nicodemus. Ana cikin haka Gumsu ta iso sharar yamma, 'yar siririya, tabarmarta a naɗe a hammata ba komai a ciki, ƙafafunta sun yi futu-futu da baƙar ƙasar da babu irinta a Maisandari. Ba'ana ya ce mata wushe, gaisuwar Barebari, ya ce ta shigo ta tsaya tare da su.

Ya fara tambayar Hajiya inda ta samo itatuwan. Ta ce a filin da kamfanin zai gina gidajen ne, can hanyar Khaddamari. Ranar Talata ta je duba wurin, ta tarar motar share fili ta ture su gefe an tara za a ƙona, ta ga kyansu, ta zaɓi bakwai aka loda mata.

Ba'ana ya nuna ɗan tudun da sandarsa. "Manaja, zo ka tsaya nan inda nake. Me wannan ya yi maka kama da shi?"

Mahfuz ya zo ya duba. Garzali da ya leƙo ta bayansa shi ya fara cewa innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya zame ya zauna daɓas a kan tayil.

Ba'ana ya ce ɓarawo in ya tuge abu, baje ramin yake yi ya gudu. Wanda ya yi wannan durƙusawa ya yi, ya daɗe, hannunsa ya gyara wurin yadda ake gyara makwancin mamaci, har da yayyafin ruwa. Waɗannan itatuwa ba turakun shinge ba ne, alamun kaburbura ne. Hajiya Rumaisa'u ta dafe baki da hannu biyu, ta ja baya har ta bugi tukunyar kaba. Kwana uku tana shafa itatuwan nan da mai, tana juya su don su fi kyau a hoto.

Bai ce wane ne ya ɗauka ba. Ya juya kawai ya ce, "Ya Gumsu, wa ke ƙarƙashin mai zane uku?"

Ta ajiye tabarmar a hankali. Hausarta a karye take, tana haɗawa da Barbarci, Ba'ana na cike mata inda ta tsaya. 'Yarta ce, Zainaba, shekararta goma sha huɗu. Shekara tara da suka wuce, da aka tashe su daga garinsu, a wannan filin suka yada zango su da mutanen garuruwa dabam-dabam, kafin a samar musu wuri a cikin gari. Da damina amai da gudawa ya shigo musu. Ita da hannunta ta sa wuƙa a wuta ta yi zanen nan uku, don kada ta ɓata wurin. Shekaranjiya ta shigo shara ta gan shi a tsaye a nan an haska masa fitila, ta ji ana cewa gobe baƙi za su tsaya a jikinsa a ɗauke su hoto. Kwana biyu tana share yashin da ke gindinsa. Yau ta kasa.

Mahfuz ya juya ga maigadin ya ce shi kuma me ya haɗa shi da wannan, har zai yarda a tafi da shi?

"Ni na haƙa kabarin, Oga," in ji Nicodemus. "Ni ma a filin na yada zango lokacin, mazansu duk suna kwance da ciwon, ni ke da sauran ƙarfi. Wani tsoho yana zaune yana nuna mini yadda kuke yi, ina haƙawa. Da na faɗi sunanta, ita za ku miƙa wa hukuma, kuma jikoki uku take riƙo."

"To me ya hana ka faɗa mini tun farko, kafin a kai ga haka?"

"Na faɗa maka ranar Laraba, da aka sauke su. Na ce Oga, itacen nan akwai magana a kansu. Kana waya, ka ce in bari sai an gama biki."

Mahfuz ya tuna, a fuskarsa kowa ya ga ya tuna. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗan, ya miƙa wa Nicodemus da hannu biyu, yana cewa ya yafe masa don girman Allah, ba hukuma, ba komai, aikinsa na nan. Kunya da firgici suka haɗu suka sa shi yin magana kamar mai zazzaɓi.

Nicodemus bai karɓa ba tukuna. Ya dubi Gumsu ya tambaye ta ko ta mayar da itacen. Ta girgiza kai, hawaye suka zubo mata karo na farko. Ta je, ta ce, ta yi ta zagaye da shi a ka. An baje ko'ina ya zama ɗaya, sai 'yan turaku masu lamba. Ta jingine shi a jikin katangar filin ta dawo, don kada ta makara shara.

Ta juyo ga Ba'ana ta ce an ce shi yana gano abin da ya ɓata. Ba'ana ya ji nauyin maganar har cikin ƙashinsa. Shekara arba'in bai taɓa cewa ba zai iya ba, amma ya gaya mata gaskiya, inda motar nan ta bi ba ta barin sawu, sai dai a jira ruwan sama ya sauka a ga inda ƙasa za ta lotsa.

"Ba sai an jira ruwa ba," in ji Nicodemus. Ya taka zuwa teburin 'yan gidajen kwali, ya daɗe yana dubawa, ya gano inda hanya ta bi da inda kwarin yake, sannan ya ɗora yatsa. Ya ja shi a hankali daga gida mai lamba shida har zuwa mai lamba goma sha ɗaya. Kowannensu an manna masa jar takarda, alamar an riga an sayar.

Mahfuz ya dafa teburin. Da ƙyar ya tambaya, su bakwai ne ke nan a wurin?

"Bakwai Hajiya ta zaɓa," Nicodemus ya ce. "Su talatin da ɗaya ne, Oga. Gobe ba zan zo gadi ba, zan je in nuna wa Ya Gumsu nata. In akwai mai zuwa ya rubuta sauran, ya zo da wuri, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka haƙa."